Ranar da Malamin Kimiyya Ya Yanka Bututun Tsito

Tsito mai faci kilo hamsin ne har da takalmansa. In iska ta taso sai matarsa ta leƙo ta ga ko yana nan. Amma shekara ashirin ke nan, duk notin tayar tirelar da ya gagari ƙattin tasha, rumfarsa ake kawo shi.

Asirinsa wani bututun ƙarfe ne da ya fi shi tsawo, wanda ya gada wajen maigidansa na farko. Sai ya zura shi a hannun sifana, ya koma can ƙarshe ya yi lilo kamar biri, noti ya yi ƙara ya saki. Bututun nan ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya yi rufin ɗaki biyu. Ko ƙaninsa bai taɓa ba aro ba.

Sai 'yarsa ta fari, mai aji huɗu na sakandare, ta zo da roƙo: malamin kimiyya zai koya musu darasin ƙarfi da juyi, yana son aron bututun na yini guda. Tsito ya ji an ce za a nuna kayan aikinsa a aji, kansa ya kumbura. Har da goge shi da tsumma.

Da aka fita shan iska yarinya ta dawo, tana rungume da bututu biyu.

"Na wa ne ɗayan?"

"Baba, duk naka ne. Malam ya sa zarto, wai don mu ga bambancin guntu da dogo."

Ga tirela a bakin rumfa, taya ta sace, direba na duba agogo. Tsito ya zura dogon ɓarin, ya yi lilo, ya yi tsalle, ya kira sunan Allah. Noti ko gezau. Ya kwashi ɓarin biyu ya nufi makaranta, da baƙin mai har gwiwar hannu, ya faɗa aji ba sallama.

"Kai ne mai zarton?"

"Ranka ya daɗe, ai gwaji ne. In hannu ya yi tsawo, ƙarfin da ake buƙata yana..."

"Ni za ka faɗa wa? Kana tsumman goyo nake cin abinci da wannan maganar! In guntu kake so, ba sai ka matso ka riƙe shi a tsakiya ba? Sai ka yanka?"

Malam, duk takardunsa, wannan dabarar ba ta faɗo masa ba.

Tsito ya tasa shi gaba har rumfa, ɗalibai na biye kamar rakiyar ɓarawo. Malam ya naɗe hannun farar rigarsa, ya rataya a ƙarshen ɓarin, ƙafafu na wutsil-wutsil. Noti bai san ana yi ba.

Yarinyar ta buɗe littafinta. "Malam, kashi ɗaya cikin uku ka cire. Bisa lissafinka, yanzu sai an sami Baba ɗaya da rabi."

"To ina zan samo rabin?" in ji Tsito. "A kasuwa ake sayar da shi?"

Suka rataya tare, shi da malam, noti ya saki, tirela ta tafi. Malam ya yi murmushi, wai an gama.

"Gobe fa?" in ji Tsito. "Ko zaman rumfa za ka dawo, in riƙa rataya ka?"

Aka kai wa mai walda ya haɗa. Lilon farko, ɗinkin ya ɓalle, Tsito ya zauna daɓas a cikin bahon ruwan gwada taya. Da jiƙaƙƙen wandon ya wuce ofishin shugaban makaranta, ya zauna masa a kujerar baƙi yana ɗiga, ya ce ba inda za shi.

Shugaba ya dubi kujerarsa, ya dubi taga. A can bakin filin ƙwallo akwai wata tsohuwar raga ta ƙarfe. Kafin a tashi makaranta masinja ya kwance sandar samanta ya miƙa wa Tsito.

Ta fi tsohon bututun tsawo da kamu guda, noti yanzu da hannu ɗaya yake kwance shi. Amma kar ka kuskura ka ce masa ya ci riba. Zai ajiye sifana ya bi ka har ƙofar gida yana maka bayanin riƙo a tsakiya.