Gefen Bayan Motar Lamar

Ka taɓa manna mayen ƙarfe a jikin mota ka ga ya zame ya faɗi ƙasa? Ni na taɓa, a motar maƙwabcina Lamar Tibbs.

Lamar ya yi shekara talatin yana buga ƙofofin mota a wata masana'anta nan garinmu Flint, har kunnensa na hagu ya daina ji. Abin da ya fi ji da shi a duniya wata jar mota ce, Chevelle ƙirar 1970, wadda marigayi yayansa ya bar masa. Gishirin da ake zuba wa titunanmu lokacin ƙanƙara don ta narke ya sa tsatsa ta cinye mata gefen baya duka biyu. Shekarar da aka yi masa aikin kafaɗa, ya sayi sabbin fallayen ƙarfe biyu ya kai garejin Royce Gaddis, abokinsa tun firamare, wanda ya yi masa abokin ango. Royce ya dawo da ita tana sheƙi. Tun daga nan, duk Asabar a filin da masu tsofaffin motoci ke taruwa su buɗe bonet su gasa nama, sai Lamar ya dafa gefen ya ce, "Ƙarfe ne zalla. Aikin Royce ne."

Bara na hango ƙuraje a fentin, sama da taya. Na ƙirga, guda bakwai. Na ruga na ɓalle mayen ƙarfen da ke jikin firijina.

"Yau kuma me za ka auna, sarkin ƙidaya?" in ji Lamar.

Ƙofa ta riƙe. Rufi ya riƙe. Gefen baya na gwada wuri goma sha biyu, ko ɗaya bai kama ba.

"Mayenka ne ya tsufa," ya ce. Amma da hannunsa ya ɗauko injin gurza. Farar ƙura ta turnuƙe mu. Fila ce, kwaɓin nan da ake shafawa a rufe 'yar lotsa, sai dai kaurinta ya kai yatsa biyu. Ƙarƙashinta ragar kejin kaji. Bayan ragar kuma tsatsar nan ce ta da, ta ƙara faɗi.

Royce ma yana da Chevelle, shuɗiya, shekarar ƙirarsu ɗaya da ta Lamar. Ranar Asabar Lamar ya nufe ta kai tsaye.

"Tsoho, ka zo kallon aikin gwanaye?" in ji Royce, yana juya nama.

Lamar ya manna mayen a gefen bayanta. Ya kama gam.

"Fallayena ne waɗannan, Royce?"

"Haba ɗan'uwa. Taka daga Asabar sai Asabar take fita. Na yi niyyar sayo maka wasu, abubuwa ne suka cakuɗe."

"Kana zaune kana ji ina yabonka gaban mutane."

"To ai ba ta zube a hanya ba, ko?"

Lamar ya bar mayen manne a wurin, ya juya. Bai sake taka filin ba.

Yanzu yana da shekara sittin da takwas, yana koya wa kansa walda. Mun yanke ruɓaɓɓen wurin har muka tarar da ƙarfe mai haske, muka zana girman ramin a kwali, muka yanko faci daidai. Ɗigo-ɗigo ake yi: ka ɗiga nan, ka tsallake can, ka bari ya huce, don zafi na lanƙwasa falle. Faci uku ya lalata kafin na huɗu ya zauna. Wani lokaci yakan ɗaga gilashin fuska ya ce, "Da Royce ne zai ce..." sai ya sauke gilashin.

Gefe ɗaya ya ƙare, saura ɗaya. Na sayi sabon maye, yana aljihuna. Kai ma ɓalle na firijinka, ka naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti, ka bi gefen motarka sannu a hankali. Fara daga wurin da wanda ka fi yarda da shi ya gyara maka.