Kalmar da Ta Fi Nadama Nauyi

Na daɗe ina koyar da Ingilishi a wata kwalej a Gaya, kuma akwai kalma ɗaya da ba na son ranar koyar da ita, wato rimos. Yara kan ce ai nadama ce, ni kuma in ce su rufe mini baki. Nadama kowa na yi, har wanda ya sayi kifi ya tarar ya ruɓe. Ita wannan sai ka cuci wani da kanka, abin ya riƙa dawowa yana cizonka. A littafi na karanta haka, amma a gidanmu na gan ta.

Yayana direban kamiyo ne, wato babbar mota, daga Malanbil yake ɗauko kaya. Wata damina ciwo ya kwantar da Baba a ƙauyenmu Tanda, Inna ta aika masa ya zo ya kai shi likita. Lokacin motarsa tana cikin layin duwan, wato kwastan, a bakin gadar iyaka, in ya fita sai ya koma ƙarshe. Ya ce a ba tsoho jiƙo, gobe yana tafe. Gobe ta zama jibi. Ya iso ana dawowa daga maƙabarta.

Na so in wanke shi tas, Inna ta harare ni, na haɗiye. Ashe ma ba ya bukatar bakina. Ya mayar wa mai mota makulli, ya koma fadamar shinkafar Baba shi kaɗai. Mutumin da ake jin dariyarsa har maƙwabta ya daina magana, tuwo ma sai an yi da gaske. Ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa, muka fara tsoron kada shi ma mu rasa shi. Liman ya ce masa kwana ne ya ƙare, ya ce ya sani. Kawunmu ya taso daga Yelu ya yi ta faɗa, ya ce to.

Wata rana na kai masa fura, na ba shi labarin kalmar, wai ko jin sunan ciwon zai rage masa. Ya tambaye ni ko Turawan da suka raɗa mata suna sun samo maganinta. Na ce littafin bai faɗa ba. Tausayinsa ya kama ni, na yi ta kuka a hanya.

Daga ƙarshe Inna ta ja ciwon gwiwarta har fadama, ina biye da ita.

"Ɗan nan, na yafe maka duniya da lahira. Taho mu je gida."

Ya daɗe a sunkuye, hannunsa cikin taɓo.

"Inna, ke kin yafe. Amma ni ya yi ta kira, ko ba haka ba?"

Haka ne kuwa, sunansa Baba ya yi ta kira, kuma Inna ba ta iya ƙarya ba. Ta zauna a kan kunya, shi kuma ya ci gaba da cire ciyawa.