Gundumar Da Na Cike Wa Gurbi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Maris, maigidanki ya kira ofis ya ce kin cika, bayan jinyar kwana tara. Shugabarmu ta sashen ƙididdigar noma, wadda kowa ke kira Yaya Babba, mun yi rashi.

Shekara goma sha ɗaya ina ƙarƙashinki. Ke kika koya mini rarraba gundumomi rukuni-rukuni bisa abin da suke nomawa: a zuba wa kwamfuta alƙaluman masara da shinkafa da wake da rogo, ita kuma ta haɗa masu kama da juna wuri guda, masu rara daban, masu isa daban, masu ƙaranci daban. Kin sha ce mana, "Na'ura ba ta san yunwa ba, ku ne za ku ji mata." Ranar da matata take naƙuda kika janye takardun gabana, kika ce, "Tashi ka tafi, yau da kai da babu duk ɗaya." Ke kika ƙarasa aikin, kika sa sunana.

Yaya, akwai abin da na ɓoye miki. Bana gundumar bayan kogi ba ta aiko da alƙalumanta ba, domin ruwa ya cinye hanya, malamin gonarta bai iso ba. Lokaci ya ƙure, na ji kunyar kawo miki aiki da giɓi, sai na cike gurbin da matsakaicin na maƙwabtanta. Maƙwabtan kuwa masu noman rani ne, amfaninsu ya fi nata yawa. Nan take kwamfuta ta jefa ta cikin masu rara.

Da kika ga taswirar da kwamfuta ta fitar, kika ɗora biro a kan gundumar. "Ƙanena, wannan ba 'yar ɗakin nan ba ce. Daga ina alƙalumanta suka fito?" Na ce daga malamin gona. Kika dube ni ta saman tabarau. Washegari ciwo ya kwantar da ke.

Rahoton ya wuce da sunanki a bango, kuma da shi za a raba irin shuka wata mai zuwa. Masu rara ba sa cikin rabon. Ƙauyuka talatin da biyu ne a gundumar nan, kuma ina tsoro. Jiya na kai wa darakta takardar gyara, na rubuta cewa laifin nawa ne ni kaɗai. Ya ce jerin gundumomin da za a ba iri ya riga ya tafi wurin manya, amma zai gwada. Ban sani ba ko gyaran zai isa kafin motocin rabon iri su tashi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa maigidanki da 'ya'yanki uku da mahaifiyarki ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri. Ya Allah, kada Ka tambaye ta game da ƙauyukan nan. Ta tambaya, ni ne na yi mata ƙarya.