Ajiyar Dodon Koɗi

Shekaruna tamanin da bakwai a bana, abin da zan faɗa kuwa ya haura shekara sittin da aukuwa, tun Turawa ba su sauke tutarsu ba. A lokacin nan ina sana'ar goro a Zango, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Asante, na gaji shagon mahaifina, na kuma gaji sunansa na mai riƙon amana, wanda ban yarda kowa ya taɓa ba.

Akwai wata dattijuwa 'yar Asante da ke kawo mana goro tun mahaifina yana raye. Wata safiya da rani ta sauke kwando a shagona, cike da dodon koɗi, irin manyan nan da mutanensu ke miya da su. Ta ce za ta makoki ƙauyensu, kwana takwas.

"Ɗana, ka ajiye kawai. Kada ka yi musu komai."

"To, Mami," na ce, ko da yake mu ba ma cinsu, ban kuma san halinsu ba.

A rana ta uku na ɗaga ganyen da ta rufa. Babu mai motsi. Bakin kowane koɗi ya toshe da wani farin ɓawo busasshe. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na kasa zama. In fita bakin hanya, in dawo in leƙa, in sake fita. Yayana ya same ni a haka, ya yi dariya.

"Sarkin amana, ajiya ta mutu a hannunka? Sai mu shirya jana'iza."

Abu ɗaya hannuna ya sani: in goro ya nemi bushewa, ruwa ake yayyafa masa. Na ɗauki buta na yayyafa musu, har na ƙara, na tafi sallar azahar.

Da na komo, sai na tarar sun fasa farin ɓawon nan sun fito. Wasu a bango, wasu a rufi, wasu sun hau huhun goro suna cin ganyen da na naɗe shi da shi. Kwana biyar ina kiwonsu, ina ɓamɓaro su daga garu. Biyu na taka da ƙafata, uku ban sake ganinsu ba.

Da ta dawo na gaya mata duka, ban rage ba. Ta juya koɗi ɗaya a tafinta.

"Ƙofa suka rufe don zafi, suna barci. Da ka bar su, har damina suna nan. Da babanka ne, da ya bar su."

Ba ta daina kawo mini goro ba. Amma ajiyarta, daga ranar, wurin tela maƙwabcina take kai ta, ta gaban shagona, ina kallo.

Matata ta ga duk wannan da na faɗa, da yayana, da ladanin masallacinmu, wanda ya tsinci dodon koɗi ɗaya manne a butarsa.