Irin Gidanmu a Kangon Wani

Ranar da munka bar ƙauyenmu, can ƙasar Isa kusa ga Turba, ban ɗauko wani abin kirki ba. Uwar ɗiyana ta ɗaure tukwane da tabarmi, ni kuwa na hau rumbu na ciro 'yan zangarnun geron da nake ajewa don iri, na naɗe su cikin tsohuwar rigata. Ba sai na faɗi abin da ya kore mu ba. Kowa ya san yadda 'yan bindiga sunka mai da ƙasar nan tamu, kuma na gaji da faɗi. Mota ta kwaso mu daga Isa ta zube mu Sakkwato, shi ke nan.

Geron nan zango ne, mai doguwar zangarniya, daga yatsana har kafaɗa. Babana ga nashi uba ya gaje shi. Kowace kaka, kafin a ɗaure damma, tsohon kan bi gona da wuƙa shina zaɓen waɗanda sunka fi cika, ya ware su daban. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa su. Ba ni cewa ya fi na kowa. Namu ne dai. Da 'yan'uwana sunka watse, wasu Nijar, wasu kudu, ban ji wanda ya tuna ya ɗauki ko zangarniya guda ba. Abin da ke cikin rigar nan shi ne ya rage.

Mun samu ɗaki ɗaya cikin gidan haya. Kowane ɗaki da kwaɗonsa, kowace mata da bokitinta. Na shiga aikin lebura, ina ɗaukar bulo da kwaɓa siminti. Mutanen birni ba mugaye ba ne, sun dai shagala da nasu. A gida, in na fito da safe, kafin in kai bakin rijiya an tambaye ni ciwon gwiwata, an tambaye ni jakina, an zage ni don ban zo suna ba. Nan kuwa sunana Baba, ko kai mai hula. Babu wanda ya san ubana. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwan sama. Hadari ya haɗo, ƙamshin ƙasa ya tashi, ni ina ta murna, sai in ji mutane na tsaki wai kwata za ta cika.

Damina ta farko ta wuce, iri na rataye ga ƙusa bisan gadonmu. Ta biyu ma haka. Iri kuwa ba dutse ba ne, mutuwa yake yi a hankali. Wata rana uwar ɗiyana ta girgiza ƙunshin, gari ya zubo, ƙwari sun fara shiga.

Ta ce, "Malam, ko ka shuka abin ga, ko ka ba ni in dama muna kunu. Ƙwari ba su fi mu buƙata ba."

Na ce, "In shuka shi ina? Bisa kwano?"

Ta mai da shi ga ƙusa.

A kan hanyata ta zuwa aiki akwai wani tela Bayerabe, haifaffen Sakkwato, shagonsa jingine ga katangar wani kango. Tun farkon zuwana ya hangi tsagar fuskata ya tsai da keken ɗinki.

"Kai, Bagobiri! Wace kaza tat tona maka kumatu haka?"

Na tsaya. Rabon da wani ya taɓa ni da wasa har na manta. Tsakaninmu da Yarbawa akwai wasan nan tun kakanni, zagi halal ne. Na ce, "Taso ka gai da ubangidanka, ɗan manja. Ko barkono ya kashe ma ƙafafu?"

Ya yi dariya har ya buga keken. Tun daga ranar kullum sai ya zage ni na rama. Duk faɗin birnin nan, wurin mai zagina kaɗai nake jin kamar ina gida.

Shi na tambaya wa ke da kangon. A ƙauye aron gona ba wani abu ba ne, ka san mai ita, ka je ka durƙusa. Ya ce mai filin na Abuja, shi ma bai taɓa ganin fuskarsa ba.

"To wa za ni roƙo?"

"Shuka abinka, bawana. Ciyawar da ka gani ciki ita ma ba ta roƙe shi ba."

Na kwashe ledoji da fasassun kwalabe. Da ruwa ya sauka sosai na sussuke zangarnun duka, ban rage ko ƙwara ba, don ban san wanda ke da rai cikinsu ba. Na yi saran shuka da guntun ƙarfe, na rufe da diddige. Wasu ramukan ba su tsiro ba. Waɗanda sunka tsiro kuwa sun samu takin bola, sunka tashi baƙi ƙirin don ƙoshi.

Da geron ya wuce tsayina, in an tashi aiki nakan shiga tsakiyarsa in tsaya. Daga can ciki ba a ganin katanga. Ganye na kaɗawa, shina kartar wuya, kuma in na rufe ido sai in ji kamar in na fita ta gabas za ni iske hanyar fadama, da shanun Fulanin da kan sauka gonarmu bayan girbi, da dakan mata na tashi daga cikin gari. Sai wani mai babur ya danna oda. In fito in kaɗe riga in tafi ɗakin haya.

Kuskuren da na yi, ban yi tunanin tsuntsu ba. A gida ma akwai su, buwa da jan-baki, amma gari duka rana ɗaya ake shuka, hatsin kowa tare yake nuna. Tsuntsu ya ci nan kaɗan, ya ci can kaɗan, asarar ta rabu bisa kowa har ba ka jin taka. Ban taɓa lura da cewa maƙwabta ke tsare min gona ba, ba tare da sun san suna yi ba. Nan kuwa ni kaɗai na shuka a unguwa duka. Da idon geron ya fara cika, duk wani mai fiffike da ke birnin Sakkwato ya ji labari.

Na ɗaura gwangwanaye ga igiya. Na kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigar nan. Tsuntsun birni da ya tashi cikin ƙarar injin niƙa da odar motoci, gwangwani zai ba shi tsoro? Bisa kan mutum-mutumin suke hutawa. Na bar aiki na wuni ina jifa da ihu, washegari ma haka, har uwar ɗiyana ta nuna min tukunya wayam. Dole na koma ga bulo. Da yamma na zo na iske zangarnu da yawa sun zama soshiya, fari fat, ba ƙwara. Na zauna bisa wani bulo.

Telan ya leƙo ta katanga. Na jira zagi, bai zo ba. Ya koma shago, na ji keke na ta ƙara. Can sai ga shi da tsohon gidan sauro da ya yayyanka ya ɗinke kamar hannun riga, dogaye, da wasu na ƙyallayen da sunka rage masa.

"Tashi, malalaci. Zo mu sa ma ɗiyanka tufafi. Ku Gobirawa har hatsinku tsirara yake yawo."

Munka bi waɗanda sunka rage muna zura musu, muna ɗaurewa daga ƙasa. Wannan atamfa, wancan shadda, wani leshi. Mata masu wucewa sunka tsaya suna dariya, wata ta ce gero ya yi ankon biki. Na bar su sunka yi.

Waɗanda munka sa ma ƙyalle ba su yi ba, ruwa ya jiƙa su, iska ba ta shiga, sunka yi funfuna. Na gidan sauro su ne sunka kai. Da na yanke, duka abin bai fi in riƙe shi a hammata ɗaya ba. Ni da nake cika rumbu har in ba da zakka.

Na zaɓi wadda ta fi ƙanƙanta, mai sauran ɗanye, na hura 'yan itace bakin shagon na gasa tumu. Na murje a tafin hannu, na hure, na zuba ma telan. Ya watsa baki, ya tauna, ya yamutsa fuska.

"A kan wanga abu kab bar aiki? Tsakuwa mai hayaƙi?"

Ya miƙo hannu a ƙara masa.

Sauran na ƙulle a bakin riga na kai ma uwar ɗiyana. Ta shinshina kafin ta ci. Ta juya min baya tana taunawa a hankali, ta daɗe ba ta juyo ba.

Ba a yi nisa da kaka ba tifa ta zo ta juye yashi cikin kangon, bisa kututturan karan. Yanzu bene ne, da ƙofar ƙarfe. Har anka neme mu aikin, na ɗauki bulo a wurin.

Sabbin zangarnun na nan ga ƙusa, na barbaɗe su da toka. Za su jira ni damina biyu, wataƙila uku. In ina tafiya aiki yanzu ba mutane nake kallo ba, katangu nake leƙawa, ina duba inda ba a fara gini ba.