Buhun da Ke Ɗaure a Mashin Ɗin Ƙanena

Sanda muke tasowa a Karare, mutum ɗaya tak aka sani da shan wiwi, wani mai faci a bakin hanyar Batsari. Shi ma sai ya zagaya bayan kuka yake kunnawa, in ya hango dattijo ya take ta da ƙafa ya durƙusa gaisuwa. Sata kuwa ba ta wuce ta akuya, wanda aka kama kuma kunya ba ta barin shi ya ƙara kwana a garin.

Ta gona ƙwaya ta shigo mana, ba ta tasha ba kamar yadda ake zato. 'Yan ƙwadago ne suka gano tramol. In mutum ya haɗiya, sai ya kama noma tun safe har la'asar bai miƙe ba. Masu gona yabonsu suke yi, ni ma na yaba. A cikin 'yan ƙwadagon har da ƙanena, autan Innarmu, wanda babu mai kamo shi a huɗa. Da gyaɗa ta yi kyau wata shekara ya sayi mashin, ya koma ɗaukar fasinja tsakanin Batsari da Ruma. A lokacin daji ya riga ya lalace, 'yan bindiga sun kore shanun Baffanmu, sun kashe maƙwabcinmu a gonarsa.

Na ga yana ramewa, na ga idonsa ya yi ja, na ce wahalar hanya ce. Matarsa ce ta buɗe mini ido. Ta same ni da hantsi ina gyaran rumbu, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, don Allah ka duba buhun da ke ɗaure a mashin ɗinsa. Kada ka ce ni na faɗa."

Na kwance buhun a zaure. Burodi ne a sama. A ƙarƙashinsa kwalayen tramol ne da kwalaben maganin tari da katin waya. Ina tsugune a kai ya shigo.

"Na wa ne?"

"Saƙo ne, Yaya."

"Saƙon wa?"

Ya ce, "Na mutanen daji. Sun tare ni sau ɗaya, suka ce in riƙa kawowa. In na ƙi, sun san gidanmu."

Ba ƙarya ya yi ba, sun sani. Amma ni ma na san abin da 'yan sa-kai suke yi wa duk wanda suka kama da irin wannan kaya, ba sa tsayawa tambaya. Na zare makullin mashin na sa a aljihu, na ja hannunsa zuwa ɗakin Inna. Ta saurara har na gama, ba ta yi kuka ba.

"Ni na haife ka," in ji ta, "amma wanda suka kashe a gona ma uwa ce ta haife shi. Ka bi yayanka duk inda ya kai ka."

Bayan azahar na ɗauki buhun na kai wa mai gari, ƙanena na biye da ni. Mai gari ya kira dattawa biyu suka shaida, shi ya miƙa kayan ga hukuma, ya kuma tsaya wa ƙanena tunda da ƙafarsa ya zo. Washegari na sa shi a mota tare da matarsa zuwa Katsina, wajen kawunmu mai walda. Inna da yaran gidan na kwashe su zuwa Batsari. Gonarmu ta bakin daji ba mu noma ta ba a daminar, ciyawa ta cinye ta.

An yi surutu. Wasu suka ce na tona asirin ɗan'uwana, wani ɗan Baffanmu ya daina amsa sallamata. Ban bi kowa da bayani ba. Abokin ƙanena da suke wannan jigila tare bai kai kaka ba, a kan hanyar Ruma aka tsinci gawarsa, har yau ba a san ɓangaren da ya kashe shi ba.

Barin ƙwayar ya fi barin garin wuya. Makonnin farko gumi da amai da rawar jiki suka kama shi, da na je duba shi ya zage ni a gaban kawu. Muka kai shi asibiti. Ya koma sha sau ɗaya, kawu ya gano, muka sake mayar da shi. Daga nan ya tsaya.

Yanzu ƙofofi da tagogi yake ƙerawa, yana da 'ya'ya uku. Bai taɓa yi mini godiya ba, ban kuma taɓa nema ba. In na je Katsina mukan gaisa yadda ya kamata, mu yi hirar tsadar ƙarfe da ta taki. Bara da Inna ta koma Karare, shi ya ƙera mata ƙofar ɗaki, ya kawo da kansa a bayan motar kaya. Na ɗauko guduma zan taya shi kafawa, ya ce in zauna a inuwa, aikin ba na manomi ba ne. Na zauna, Inna ta miƙo mini fura.