Tsohuwar Rumfar Auduga

Duk Asabar da muka hura wuta a bayan majami'armu ta Ikara, in itacen ɗanye ne, hayaƙin yakan sa ni hawaye. Matan da muke aikin tare sai su ce, "Mama, ki matsa gefe mana." Nakan matsa. Ba na gaya musu cewa hayaƙin ya mai da ni ƙauyenmu ne, can wajen Kurmin Kogi, lokacin ina 'yar shekara tara a hannun kakata, wadda muke ce wa Iya.

In ka tashi a karkara ka san watan Agusta. Gona kore shar, rumbu kuwa in ka leƙa sai ka ga ƙasansa. Zumuntar matan majami'ar ƙauyenmu suna da wata al'ada. Tun daga girbi, duk wadda za ta ɗora tukunya sai ta ɗebi jimƙi ɗaya na hatsi ta zuba a tulu daban. In damina ta yi tsakiya sai a haɗa, a riƙa tuƙa tuwo ana kai wa waɗanda ba su da shi, Kirista da Musulmi. Ba a kiran kowa ya zo ya karɓa. Iya ce ta hana. Ta ce mutumin ƙauye ya gwammace ya wuni da yunwa da a gan shi riƙe da kwano a ƙofar coci.

A bakin gari, kan hanyar Makarfi, akwai tsohuwar rumfar awon auduga da aka daina amfani da ita. Nan wata tsohuwa Musulma take kwana. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, ruwa kuma ya rushe mata ɗaki. Ta kewaye rumfar da buhuna, tana da tabarma da buta da carbi. Ranar farko da aka kai mata tuwo ta ƙi karɓa. A wajenmu in maƙwabciya ta aiko miki da abinci, ba kya mayar da kwanon haka. Ita kuwa ba ta da abin sawa a ciki.

Sai Iya ta je da kanta, ta ce mata ƙugunta ya hana ta sunkuyawa, ga shi tana marmarin kwaɗon tafasa. Da haka aka shirya. Kullum da azahar in kai tuwo, in dawo da kwano cike da ganye. Amma idon tsohuwar ya yi rauni. Abin da take tsinkowa tsohon ganye ne, rabi ma ciyawa. Iya takan karɓa ta ce madalla, ta zaga bayan gida ta zubar a juji.

Wata rana ana yayyafi na iske ba ta tsinko ba tukuna. Ta ce in jira. Na tsaya a rumfa ina kallonta sunkuye cikin ruwa, zaninta ya manne a baya, tana laluben ganye da yatsu. Tausayi ya kama ni.

Na ce, "Inna, ki bari, kada sanyi ya kama ki. Ai Iya ba ta dafawa, juji take zubarwa. Tuwon na zumunta ne, don Allah ake ba ku."

Ta daɗe kafin ta miƙe.

"Juji?"

"E, Inna."

"To. Ki gaida ta."

Ta miƙo mini kwanon wankakke, babu komai a ciki. Na koma gida ina jin na yi abin kirki.

Washegari ta ƙi karɓar tuwon. Da Iya ta ji abin da na faɗa ba ta dake ni ba. Ta yafa mayafi, ta riƙe hannuna, muka tafi. A gaban rumfar ta durƙusa, ita da ko a gaban fasto ba ta iya durƙusawa saboda gwiwa.

"Yaya, ki yi mini aikin gafara. Yarinya ce."

"Yarinyar ba ta yi laifi ba, ita ce ma ta faɗi gaskiya. Da kin ce mini sadaka ce, da wataƙila na karɓa na sa miki albarka. Amma wata guda ina sunkuye, ina ce wa kaina yau ma gidan ƙawata za su ci daga hannuna."

"To ki ci na yau, ko don ni."

"Yau ina azumi."

Ranar Talata ce. Laraba ma ta ce tana azumi. Ran Juma'a na iske rumfar ba kowa, an naɗe buhunan an jingine. Wani mai kai rake kasuwa ya ce ya ganta a hanyar Kudan, wai tana da wani ɗan ƙanwa a can. Iya ta aika an tambaya har sau biyu, ba wanda ya san ta. Har Iya ta rasu, in muna addu'ar safe takan ce, "Ubangiji, ka ciyar da baiwarka inda take," ba ta faɗin wace ce. Ni kaɗai na sani.

Yanzu abin ya canza. Mutanen da tashin hankali ya koro daga ƙauyukansu su ne suka fi zuwa wajenmu. Layi suke yi, mu zuba musu shinkafa a leda, wani ya ɗauki hoto a waya don masu ba mu taimako su gani. Ba na zargin kowa. Yunwar ta yi yawa, mu kuma ba mu da yawa.

Makon da ya wuce wata mata ta gama ci, ta goya ɗanta, ta ɗauki tsintsiyarmu. Matar fasto ta yunƙura za ta karɓe, na riƙe mata hannu. Na kai mai goyon wajen murhu, inda toka da ɓawon albasa suka taru da gaske, na ce mata tun safe bayana ke ciwo, kuma gaskiya na faɗa. Ta share tas. Ta ce Asabar mai zuwa za ta zo da wuri.

Na so in dawo gida in ba wani mutum labarin nan. Maigida ya rasu, yara suna Zariya da Kaduna, waɗanda suka san rumfar nan kuma duk sun tafi. Sai na zauna a tsakar gida na faɗa wa Ubangiji.